Yadda za a bi da miji ko mata in an saɓa, kowa da irin fushinsa

Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma ni a ganina abin da ya fi kashe aure shi ne mutum bai san yadda abokin zamansa ke yin fushi ba. To aikin farko, ku lura da abin da yake yi da zarar ransa ya ɓaci, ɗaga murya yake ko ɗif yake yi, ko kuwa murmushi zai yi ya ce ba komai.

In mai saurin hawa ne, dan Allah kar ki tare shi yana kan tafasa, ba jin ki zai yi ba. John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka ya auna bugun zuciyar ma'aurata suna cikin gardama, ya ga in ya haura 100 a minti ɗaya mutum ba ya iya saurare yadda ya kamata, sai ya samu aƙalla minti 20 kafin jikinsa ya sauka. Hadisi ma ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. In kuma kai ne mai zuciyar to ka kulle bakinka daga kalmar saki a wannan lokacin, wayar ma ka ajiye ta, don abin da ka tura a WhatsApp cikin fushi yana nan ana karanta shi ko bayan ka huce.

Mai shiru ya fi wuya wallahi, musamman in ya haɗu da wadda ba ta iya barci sai an gama magana, ita tana bin sa ɗaki ɗaki tana cewa magana fa nake maka, shi kuma yana ƙara kame bakinsa ko ya zari makullin mashin ya tafi majalisa, ita ta ɗauka raini ne shi kuma a ransa gudun ɓarna yake. Maganin a nan shi ne a yanka lokaci. Kai mai shirun ka buɗe baki ka ce "yanzu raina a ɓace yake, bayan isha'i za mu zauna", kuma ka cika alkawari. Ke kuma ki ƙyale shi har lokacin. Shirun da ba a sa masa ranar ƙarewa ba ya zama gaba, ita kuwa gaba ko tsakanin Musulmi da Musulmi ba ta halatta ta wuce kwana 3, balle mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya.

Wadda na fi tausayawa ita ce mai zurfin ciki, an yi mata tarbiyyar kawaici, komai aka yi ta ce ba komai, tana tarawa shekara da shekaru, ranar da ta yi yaji kowa ya yi ta mamaki. Malam kar ka tambaye ta "akwai matsala?" don a'a za ta ce. Ka ambaci abin da kansa, "jiya da na yi miki tsawa gaban ƙannena na san bai miki daɗi ba", sannan ka yi shiru ka jira, ko da za ta daɗe kafin ta furta.

Mai mita da tono laifin bara kuwa, ku yi yarjejeniya magana ɗaya a zama ɗaya.

In abin ya fi ƙarfinku, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a samo mai sulhu daga danginsa da kuma daga danginta, ku zaɓi masu riƙe sirri waɗanda ku duka kuke jin nauyinsu, kar a jira sai an kai ga biko. Amma duka da tsoratarwa ba sa cikin wannan lissafin sam, ranar da hannu ya shiga ki sanar da waliyyinki, a Kano kuma Hisbah na karɓar irin wannan ƙorafin.