Kada ka bari a hau kan sifana wajen ɗaure taya

'Yan uwa direbobi, idan mai faci ya mayar maka da taya, kada ka bari ya taka sifana da ƙafa ko ya zura mata bututun ƙarfe don ƙarin ƙarfi. Ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da ƙarfen da noti ke hawa, har wata rana ya karye kana tafe. Yana kuma iya lanƙwasa faifan birki, ka ji sitiyari na rawa in ka taka.

Ni abin ya ci ni ne tsakanin Jega da Birnin Kebbi. Taya ta sace, noti ya ƙi motsi, rana na dukana kusan awa guda.

Ka fara murza kowane noti da hannu. Sauke jak, sannan ka ɗaure a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, kamar zanen tauraro, don wili ya zauna daidai. In akwai sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai, ita ce magani. Corolla 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) take so. Motarka kuwa, duba littafinta.

Kada ka shafa mai ko giris a zaren noti, yana sa ɗauri ya zarce. Bayan kilomita 50 zuwa 100, sake gwada su.

Amma in zaren ya riga ya cinye ko tsatsa ta kama shi, awo ba zai cece ka ba, sai canji. Manyan motoci kuma lissafinsu daban.