Matakan ƙirgen tsuntsaye a fili ga ɗaliban jami'a a Kano

1. Ku zaɓi wuri ɗaya: gefen kududdufi ko itatuwan harabar Jami'ar Bayero. Ku fara gaida mai unguwa ko masu gadi.

2. Ku fita bayan sallar asuba, ku tashi kafin ƙarfe 9. Rana na yin zafi tsuntsaye ke lafewa.

3. Ku tafi da madubin hangen nesa mai lamba 8x42 (wato mai ƙara girman abu sau 8) da fensir.

4. Ku tsaya shiru minti 10, ku rubuta duk tsuntsun da kuka gani ko kuka ji kukansa cikin mita 50, sannan ku matsa mita 200. In kun gaza haka, balbelar da kuka ƙirga ɗazu za ku sake ƙirgawa.

5. Ku rubuta kwanan wata da yanayi, musamman hazo, domin yana sa a ɗauki shirwa a matsayin shaho.