Yadda ake auna amfanin gona da lissafin ƙwadago don sanin ribar gaskiya

Manomi da yawa yakan ƙirga buhunan da ya ɗauke, ya cire kuɗin taki da na iri, ya ce saura riba ce. Wannan lissafi yana ɓoye abu biyu: ainihin girman gonar, da gumin mutanen gida da ba a biya ba. Sai an san waɗannan kafin a ce masara ta fi dawa kawo kuɗi, ko sabon iri ya fi na gado.

Fara da auna gonar. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Kada ka dogara da "gonar tana cin tiya kaza na iri", domin hannun mai shuka ya bambanta. Idan gonar mai kusurwa huɗu ce, auna tsawo da faɗi da igiyar da ka san mitocinta, ka ninka. Idan karkatacciya ce, ka zagaye iyakarta da wayar da ke da manhajar awon fili, ka maimaita sau biyu, ka ɗauki tsaka-tsaki.

Sai awon amfanin, wanda ake yi ana gab da girbi. Ana keɓe ƙananan filaye masu mita 5 tsawo, mita 5 faɗi, wato murabba'in mita 25 kowanne. Ana buƙatar turaku huɗu, igiya, ma'auni da buhuna masu lamba. Don tabbatar filin bai karkace ba, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta: ya kamata ya ba ka mita 7 da santimita 7.

Zaɓen wurin shi ne inda aka fi ɓata aikin. Ido yana son inda masara ta yi goyo biyu, ƙafa kuma tana guje wa inda wuta-wuta ta cinye. Wanda ya zaɓa da ido zai sami adadin da babu shi a rumbu. Maganin wannan shi ne ƙuri'a: ƙirga takun tsawon gonar da na faɗinta, rubuta lambobi a 'yan takardu, sa yaro ya zaro ɗaya ta tsawo, ɗaya ta faɗi. Inda suka haɗu nan za ka kafa turken farko, ko da kan fako ya faɗa. Yi haka sau huɗu ko biyar a gona ɗaya. Tsiron da ya faɗo daidai kan igiya kuwa, a lissafa na gefe biyu, a bar na sauran gefe biyun. Idan aka kwashe su duka, ƙaramin fili zai kumbura sakamakon sosai, tunda hekta ɗaya tana ɗaukar irin wannan fili 400, don haka kowane kilo ɗaya sau 400 za a ninka shi.

A girbe kowane fili daban, a shanya, a sussuke, a sheƙe, sannan a auna tsabar. A ce filaye huɗu sun ba da kilo 6, da 7.5, da 5, da 6.5. Jimla 25, a raba huɗu, 6.25. A ninka da 400, an sami kilo 2,500 a hekta, wato buhu 25 masu kilo 100. Amma a kula da danshi. Masarar da aka auna tana da danshi kashi 20 cikin 100 za ta rage nauyi kafin ta kai kashi 14 da ake ajiya da shi. Lissafin shi ne 2,500 sau 80 a raba da 86, ya zama kusan kilo 2,326. Fiye da buhu ɗaya da rabi ruwa ne kawai. A gonar da aka haɗa gero da dawa da wake, a bar turakun a inda suke, a riƙa komawa fili ɗaya duk lokacin da wani amfanin ya nuna.

Ƙwadago shi ne ɓangaren da ya fi wahalar rubutawa, kuma shi ya fi muhimmanci. A ware littafi, a rubuta kowace rana: wane aiki, mutum nawa, awa nawa, nawa aka biya. Sharar gona, huɗa, shuka, noman farko, maimai, zuba taki, feshi, girbi, sussuka da dako, kowanne da layinsa. Jinga tana da sauƙi tunda an yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya. Gayya ba kyauta ba ce: a sa kuɗin abinci da goro. Aikin gandu kuwa, na mai gida da 'ya'yansa da ƙannensa, a yi masa kuɗi daidai da abin da ɗan ƙwadago ke karɓa a garin a wannan makon, domin shi ne abin da za su samu da sun je gonar wani. Farashin makon ake so, ba na shekara ba. Binciken da masanin tattalin arzikin noma David Norman ya yi daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau a 1966 zuwa 1967 ya nuna cewa ƙarancin hannu a lokacin noma, wajen Yuni da Yuli, shi ne babban abin da ke taƙaita manomi, kuma haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya dabara ce mai ma'ana, ba jahilci ba.

Daga nan a tara kuɗin iri, taki, maganin feshi, hayar garma ko tarakta, buhuna, mota da ƙwadago duka. Gona ko taka ce ta gado, a sa kuɗin hayar da za ta kawo. A raba jimlar da yawan buhuna: abin da ya fito shi ne kuɗin da kowane buhu ya ci. Sayarwa ƙasa da shi asara ce, ko da aljihu ya cika ranar kasuwa. A kwatanta shi da farashin bakin gona na lokacin kaka, ba na kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano a bazara ba, sai fa idan an cire kuɗin mota, maganin ajiya da abin da ƙwari za su ci. A kuma ɗora buhun a ma'auni kafin a sayar, domin buhun da aka danna aka ɗinka masa baki yakan haura kilo 100, kuma rarar ta mai saye ce.