Miyar naman shanu da ke dahuwa ina wurin aiki

Ƙarfe bakwai saura kwata nake barin gida a Agege, nan Legas, in na yi sa'a in dawo daga Ikeja ana kiran Magariba. Ranar da aka yi ruwan sama kuwa, ko wata tirela ta mace a hanyar Oba Akran, sai bayan Isha'i. Na daɗe ina shigowa gida in tarar yara sun yi barci da yunwa a kan kujera, in tashe su ƙarfe tara su ci taliya da manja ido a rufe. Wannan abu ya tsaya mini a rai ƙwarai. Shi ya sa na tara kuɗi na sayi tukunyar nan ta lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda wasu ke kira da sunan kamfani, Crock-Pot. A Amurka ta fito da wannan suna a 1971, amma dabararta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mahaifiyata a Zariya takan bar kan saniya a tukunyar ƙasa bisa garwashi daren Sallah, gari na wayewa nama na zamewa daga ƙashi. Wuta kaɗan, lokaci mai tsawo, shi ke nan.

Kafin ki saya, 'yar'uwa, juya gindinta ki karanta. Da yawa daga cikin na gwanjo da ake kawowa daga Amurka na wuta 110 ne, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Kika jona ta kai tsaye, ta ƙone. Ko a kasuwar Alaba ko a babban kanti, nemi wadda aka rubuta 220 ko 240. Tawa lita biyar ce, tana ishe mu mu biyar har a bar na gobe.

Batun nama shi ne inda mutane suka fi kuskure. Kada ki kai wa wannan tukunya tsoka zalla mai laushi, irin wadda ake tsire da ita. Awa takwas za ta mayar da ita kamar igiya. Abin da take so shi ne naman da ke ba ki wahala a kan gas: ƙwauri, wuya, ƙirji, wutsiya, in da hali a haɗa da ɗan tozo. Jijiyar nan da ke sa ki yi ta tauna, ita ce ke narkewa in ta daɗe cikin zafi, ta ba romo kauri da danƙo. Ranar Asabar nake zuwa abatuwar Oko-Oba, in ce wa dattijon da nake saye a wurinsa, "Baba, ƙwauri kilo biyu, a yi mini manyan yanka." Da farko ya yi mamaki, don yawancin mata ƙanana suke so. Kowane yanka ya kai girman ƙwan kaza ko ya fi, in ba haka ba kafin ki dawo ya watse cikin miya. Ina zuwa gida in raba kilo ɗaya ɗaya in sa a firiza.

Ga abin da nake haɗawa da kilo ɗaya: albasa manya biyu, tumatir biyar, tattasai uku, attaruhu biyu, tafarnuwa sala huɗu, citta ɗanya kamar babban yatsa, daddawa ɗaya, dankalin turawa biyar, karas uku, man gyaɗa cokali uku, Maggi biyu, gishiri, kori, da ɗan masoro da kanumfari da aka daka. Ruwa kofi ɗaya tak.

Ainihin aikin da daddare ake yin sa, ba da safe ba. Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe.

Karona na farko, markaɗa kayan miya na yi ɗanye na juye a kan ɗanyen nama, na cika ruwa kamar yadda na saba, na kunna na tafi. Da na dawo na tarar da ruwa tsululu, ja fes, ga tsamin tumatir kamar ba a taɓa ɗora shi a wuta ba. Maigida ya ci bai ce komai ba, amma ni na sani. Daga baya na gane dalili. Tukunyar ba ta suya, kuma murfinta na mayar da tururi ciki, ruwa ba ya ƙonewa. Miyarmu kuwa daɗinta a suya yake, sai ruwan tumatir ya tsotse mai ya taso sama kafin tsamin ya mutu. Abin da tukunyar ba za ta iya ba, ke za ki yi mata shi.

Don haka bayan na sallami yara, sai in ɗora kasko. Naman da na sauko da shi daga firiza zuwa firji tun daren jiya ya riga ya saki, in goge ruwan jikinsa, in barbaɗa gishiri da masoro. In mai ya yi zafi sosai in jera shi kashi biyu ko uku, kada a cunkusa, kowane gefe ya yi ja. Ba dafa shi ake yi ba, launi kawai ake nema, minti goma ya isa. In kwashe. A cikin man nan in soya albasa ɗaya da na yanka, in zuba markaɗen tumatir, tattasai, attaruhu, sauran albasar, tafarnuwa da citta, in bar shi yana soyuwa kamar minti ashirin har mai ya taso. A nan nake sa daddawa, kori, kanumfari da Maggi. Baƙin da nama ya bari a gindin kasko kada ki wanke shi, zuba kofin ruwan nan ki kankare da ludayi, rabin daɗin miyar a nan yake.

Da sun ɗan huce, nama a roba ɗaya, soyayyen kayan miya a wata, su shiga firji. Dankali in fere in yanka biyu biyu in bar shi cikin ruwa kada ya yi baƙi. Ba na sa tukunyar tangaran da ke cikin ta lantarkin a firji, don in ta yi sanyi ƙalau aka ɗora ta a zafi tana iya tsagewa.

Da safe bayan Asuba, minti biyar ne. Dankali da karas a ƙasa, domin sun fi nama jinkirin nuna a wannan tukunya, kuma zafin ya fi ƙarfi a ƙasa da gefe. Nama a kai, kayan miya a bisa. Za ki ga kamar ruwan ya yi kaɗan, hannunki zai so ƙarawa. Ki daure. Nama da albasa za su fitar da nasu. Kada tukunya ta wuce kashi biyu cikin uku, kada kuma ta kasa rabi. Rufe, murɗa zuwa inda aka rubuta Low, wato ƙaramar wuta, awa takwas. In rana ce da kike gida kina sauri, High, wato babbar wuta, awa huɗu zuwa biyar, amma ni a bakina na Low ya fi laushi. Kada a sa daskararren nama kai tsaye, tukunyar na jinkirin ɗaukar zafi, naman zai daɗe da ɗumi-ɗumi, nan ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Na kuma hana kowa a gidan ɗaga murfi, ɗagawa ɗaya na iya ƙara kusan minti ashirin. Babbar 'yata na dawowa daga makaranta wajen ƙarfe uku, ita ke murɗa ta zuwa Warm, mai riƙe zafin abinci kawai, kafin ta wuce Islamiyya.

Sai maganar wuta, wadda duk mazaunin Legas ya riga ya tambaya a ransa. Tukunyar ba ta da ci. Tawa wat 200 da ɗan wani abu ce, awa takwas bai kai yunit biyu a mita ba, ƙasa da abin da dutsen guga ke sha in an yi gugar mako. Matsalar ita ce ɗaukewa. Wata Laraba aka ɗauke wuta da hantsi ba a dawo da ita ba, na shigo na sa hannu a jikin tukunya na ji ta da ɗan ɗumi kawai. Nama ya yi kama da ya nuna, ƙamshi ma bai canza ba. Na daɗe tsaye ina lissafin kuɗin kilo guda, sannan na zubar. Ban san awa nawa ya yi a haka ba, kuma nama in ya wuce awa biyu babu zafi babu sanyi, ba abin ba yaro ba ne. Har yau ban yi nadama ba.

Tun daga ranar a inbata nake jona ta, wato na'urar da ke ba da wuta daga batir, ƙaramar inbata ma tana ɗauka in batirin na da lafiya. In ba ki da ita, kuma layinku ba irin na Band A ba ne da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, to juya tsarin. Kunna ta ƙarfe goma na dare kina gida, in an ɗauke wuta za ki sani ki juye a tukunya ki ƙarasa a gas. Da Asuba ta nuna, ki juye a robobi marasa zurfi don ta huce da wuri, ta shiga firji. Da yamma a gas za ki ɗumama ta har ta tafasa, ba a cikin tukunyar lantarkin ba.

In na shigo gida, tun daga bakin ƙofa ƙamshin daddawa ke tarbata. Kafin in cire mayafi nake ɗora shinkafa. In buɗe tukunya, in kwashe man da ya taso sama da cokali, in ɗanɗana gishiri, don sai yanzu ake gane gaskiyarsa. In romon ya yi ruwa, in murƙushe dankali biyu a jikin tukunya in juya, nan take ya kama jikinsa. Lawashi da koren tattasai a wannan lokacin suke shiga, minti goma kafin a ci, da safe aka sa su da sun narke sun ɓace. Wake ja ɗanye kuwa kada ya shiga wannan tukunya sam sai an jiƙa shi an tafasa shi sosai a gas aƙalla minti goma, zafinta ba ya kashe gubar da ke cikinsa.

Ranar da gajiya ta hana ni ko dafa shinkafa, ƙaramin nake aika shagon bakin layi ya karɓo burodin Agege manya biyu. Mu zauna a tabarma, kowa da kwanonsa, ana yago burodi ana dangwalawa, ƙwaurin nan cokali kawai ake sa masa ya rabe. Abin da ya rage in juye a kula, shi maigida ke tafiya da shi Mile 12 da safe.