Yadda Ɗalibi Zai Tsabtace Shafukansa na Sada Zumunta Kafin Neman Gurbin Jami'a

A shekarar 2017, Jami'ar Harvard da ke Amurka ta janye gurbin karatu daga hannun aƙalla ɗalibai goma waɗanda ta riga ta ɗauka, saboda hotunan ɓatanci da suka riƙa tura wa juna a wani rufaffen zaure na Facebook. Abin da ya kamata mai neman gurbi ya lura da shi a nan shi ne cewa ba a bainar jama'a suka wallafa waɗannan hotuna ba, amma duk da haka labari ya isa ga hukumar jami'ar. Takardar ɗaukar ɗalibi tana zuwa ne da sharaɗin kyakkyawan hali, kuma jami'a na da ikon soke ta idan an karya sharaɗin.

Ka fara da rubuta cikakken sunanka a Google, da duk laƙabin da ka taɓa amfani da shi, domin ka ga abin da baƙo zai gani. Daga nan ka koma can farkon kowane shafi naka, musamman tsofaffin da ka daina shiga, domin maganar da yaro ya rubuta cikin wauta shekarun baya tana nan ɗauke da sunansa. Kada ka tsaya ga abin da ka wallafa kaɗai. Ka duba sharhin da ka yi a ƙarƙashin rubutun wasu, da hotunan da abokai suka maƙala sunanka a jiki. Zagi, cin zarafin wata ƙabila ko addini, barazana, da alfahari da satar amsa a jarrabawa, duk ka goge su.

A ganina, zaurukan hira sun fi komai haɗari, domin a nan ne mutum yake sakin baki yana zaton babu bare. Jami'an ɗaukar ɗalibai ba su da lokacin bin shafukan dukan masu neman gurbi, amma mutum ɗaya a zaure ya isa ya ɗauki hoton allo ya aika musu, kuma gogewa ba ta kai wa ga abin da ke cikin wayar wani. Idan hira ta karkata zuwa ɓatanci, ka fice nan take, ko da ba ka ce uffan ba.

Ka tabbata kuma abin da ke shafinka bai ƙaryata abin da ka rubuta a takardar neman gurbi ba. Mai shirin karatu a Amurka ya sani cewa tun 2019 takardar neman biza tana buƙatar sunayen shafukan da ya yi amfani da su cikin shekaru biyar na baya, kuma ɓoye ɗaya daga cikinsu yana iya jawo a hana shi bizar.