Darasi na Tara: Abin da Wuta Ba ta Cinyewa

Duba cikin babban yatsanka. Waɗannan siraran layuka da ka dangwala ranar yin katin zaɓe, babu mai irinsu sai kai. Ko tagwaye masu kama ɗaya, kowa da nasa zanen. Duk abin da ka taɓa, gumi da maiƙon fata suna barin hoton layukan a jikinsa. Tun 1892 aka fara kama mai laifin kisa da wannan shaida, a ƙasar Ajantina.

Mutane da yawa sun ɗauka in gobara ta tashi, shi ke nan, komai ya tafi. Ba haka ba ne. Inda harshen wuta ya lasa sosai, zanen yakan ƙone. Amma bayan ƙofa, da ƙarƙashin kwalba, da gindin jarka, da jikin kwaɗon da aka ɓalle, sau da yawa yana nan. Baƙin hayaƙin da ke kwanciya a kan kaya yakan zame masa bargo. Masu bincike sukan sa safar hannu su share baƙin a hankali da buroshi mai laushi, ko su shafa ruwan roba, in ya bushe su ɓare shi kamar ɓawon albasa, sai ga layuka sun fito.

Ba zanen yatsa kaɗai ba. Fetur ko kananzir yakan shige cikin katako da tsumma da ƙasa. Akan ɗebi waɗannan a rufe cikin gwangwani mai murfi, don fetur tashi yake yi in ya sha iska, sannan a kai ɗakin gwaje-gwaje. Tabon ƙuna a bango kuwa yakan tsuke a ƙasa ya buɗe a sama, kuma tsukakken wurin yakan nuna kusa da inda wutar ta fara.

Abin da ke ba ni takaici, hannun masu taimako ya fi wuta ɓata shaida. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san yadda jama'a ke cika wuri. Wannan ya ɗaga ƙofa, wancan ya ɗauki kwaɗo yana jujjuyawa, wani ya kawo tsintsiya. Duk don Allah suke yi, amma shara ɗaya ta isa.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, a fara da ceton rai, a kira 'yan kwana-kwana. Bayan wuta ta mutu, a kewaye wurin da igiya, a ɗauki hoto da waya daga nesa, a karɓi jaje a waje. Kada a wanke komai sai 'yan sanda sun duba.

Aikin gida: Shafa yatsa a goshinka, ka danna shi a jikin kofin gilashi mai tsabta. Barbaɗa garin kwalli kaɗan, ka hura a hankali. Rubuta jimla biyu kan abin da ka gani.