Yadda Ake Gina Labarin Binciken Laifukan Yaƙin Basasa

Marubucin da ya yi niyyar ƙaga labari a kan binciken ta'asar yaƙin basasa ya kamata ya san tun farko cewa tambayar da za ta riƙe mai karatu ba ita ce wa ya yi kisan ba. A garin da aka hallaka mutane, kowa ya san rundunar da ta shigo da asuba, sau da yawa har sunan kwamandanta an sani. Abin da ke da wuya shi ne tabbatar da hakan a gaban alƙali, alhali masu laifin suna nan da bindiga a hannu ko da muƙami a gwamnati, kuma daga wannan wahalar ce marubuci zai samo fargabar da za ta hana a ajiye littafinsa.

A fara da zaɓen wuri da lokaci, sannan a san dokar da ta hau kansu. Sashe na 3 da ke cikin dukkan yarjeniyoyin Janiba na 1949 ya haramta kashe farar hula da fursunoni da azabtar da su, ko da yaƙin na cikin gida ne. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague kuwa ba ta da hurumi a kan abin da ya faru kafin 1 ga Yulin 2002, don haka labarin da ya kai mata laifin da ya girmi wannan rana ya tafka kuskure.

Zuciyar labarin ita ce haɗa wanda ya harba bindiga da wanda ya ba da oda. A shari'a, shugaba yana ɗaukar alhakin abin da yaransa suka aikata idan ya sani, ko ya kamata ya sani, amma bai hana ba kuma bai hukunta ba. Shi ya sa takarda ta fi gawa tsorata mai laifi. Abin da ya faru a Chadi ya isa darasi. Hissene Habre ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990 ana gwabza yaƙi da 'yan tawaye, kuma 'yan sandan cikinsa na hukumar da ake kira DDS sun tsare dubban mutane, har wani wurin ninkaya da ke N'Djamena suka rufe samansa suka mayar da shi kurkuku. A 2001 masu bincike na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar hukumar, suka tarar da takardu zube a ƙasa sun sha ƙura: jerin sunayen fursunoni, takardun shaidar mutuwa, da rahotannin da ake aika wa shugaban ƙasa kai tsaye. A cikinsu aka tattara sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Babi irin wannan, inda tauraron labari ke durƙushe yana karanta takarda yana sauraren motsin ƙofa, ya fi musayar wuta goma tayar da hankali.

Kada a mayar da mai binciken jarumin da ba ya tsoro. A ganina ya fi kyau ya zama ɗan ƙasar, wanda ke da ɗan'uwa a cikin rundunar da ake tuhuma, ko wanda shi ma ya taɓa kwana a kurkukun. Misali, Souleymane Guengueng na Chadi ma'aikaci ne kawai da ya fito daga tsarewar DDS ya shiga tattara bayanan ɗaruruwan 'yan'uwansa fursunoni yana ɓoye su.

Shaidu kuwa a ba su lokaci. Wadda aka kashe mata miji ba za ta zayyana komai a zama ɗaya ba. Za ta manta ranar, ta tuna cewa gero ya fara fitar da kai, kuma lauyan da ke kare wanda ake tuhuma zai kama wannan giɓi ya ce ƙarya take yi. Haka ma wajen tono kabarin da aka binne mutane da yawa, a nuna abin da masana ke nema: igiyar da ta ɗaure hannuwa ta baya, hujin harsashi a ƙeya, kwanson harsashi, da layar da uwa za ta gane ɗanta da ita. A taƙaita bayanin azabtarwa, domin waɗanda suka sha ta suna raye kuma suna karatu. A ƙagi sunayen mutane da na garuruwa, kuma laifi ya tsaya a kan wanda ya aikata, kada ya shafi ƙabilarsa ko addininsa.

Wajen rufe labarin, a guji nasarar da ta zo da arha. Habre ya gudu zuwa Senegal a Disambar 1990, kuma sai a ranar 30 ga Mayun 2016 wata kotun Afirka ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya mutu a 2021 waɗanda ya zalunta ba su karɓi diyyar da kotu ta yanke musu ba. Marubuci yana iya tsayar da alƙalaminsa a ranar da shaidar farko ta miƙe a kotu ta faɗi sunanta, ya bar hukunci ga littafi na biyu.